Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Wanke Azzaluman Sarakunan Fim

Assalamu alaikum, 'yan uwana masu kallo.

Wannan wasiƙa taku ce, ku da kuke raba dare kuna kallon finafinai masu dogon zango na sarakuna da takubba da dodanni masu aman wuta, sannan ku wayi gari a shafukan sada zumunta kuna kare gwaninku kamar an ɗauke ku aikin lauya. Ni ma ɗaya ne daga cikinku, kuma ban zo in hana kowa kallo ba. Wanda bai ƙarasa Game of Thrones da House of the Dragon ba ya yi haƙuri, zan tona masa ƙarshen labari, domin maganar ba za ta yiwu ba sai da misali.

Ƙorafina a kanku ɗaya ne: mudu biyu kuke awo da shi. Idan sarkin da kuka tsana ya ƙona mutum, sai ku ce azzalumi ne, Allah ya tsine masa. Idan wanda kuke so ya yi irin wannan aikin sak, sai bakinku ya cika da dalilai. Tura ce ta kai bango. Su suka jawo wa kansu. Ai zamanin haka yake. Laifin ɗaya ne, hukuncin ya rabu biyu, kuma abin da ya raba shi fuskar wanda ya aikata ce kawai.

A ranar 12 ga Mayu 2019 tashar HBO ta nuna kashi na biyar na zango na takwas na Game of Thrones. A cikinsa Daenerys Targaryen ta ci birnin King's Landing da yaƙi, sojojin birnin suka zubar da takubba, aka kaɗa ƙararrawar miƙa wuya, amma duk da haka ta hau dodonta ta bi unguwa-unguwa tana ƙona mata da yara. Duniya ta ɗauki zafi. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a wata takardar koke a shafin Change.org suna neman a sake shirya zangon gaba ɗaya. Kalmar da ta fi yawo a bakin mutane ita ce, "wannan ba ita ba ce, an ɓata mana ita." Zafin yana da dalili. A 2018 kaɗai jarirai mata 560 aka raɗa wa suna Khaleesi a Amurka, wato laƙabin sarautarta. Makonni kaɗan kafin wannan kashi, Sanata Elizabeth Warren, wadda a lokacin take neman takarar shugabancin Amurka, ta rubuta maƙala tana yabon Daenerys a matsayin shugabar da ke tare da talaka.

Na yarda da ku a kan abu ɗaya. Marubutan, David Benioff da D. B. Weiss, sun yi gaggawa. Zanguna shida na farko kowanne kashi goma ne, na bakwai ya koma bakwai, na takwas ya koma shida, sai aka cusa sauyin da ke buƙatar dogon lokaci cikin awanni kaɗan. Wannan aibin rubutu ne, kuma duk mai faɗinsa ya faɗi gaskiya. Inda muka rabu shi ne cewar da kuke yi wai matar ba ta taɓa nuna wannan hali ba. Ta nuna tun zangon farko a 2011, kuna kallo kuna tafi.

Ku tuna Mirri Maz Duur. Mayaƙan Khal Drogo, mijin Daenerys, sun afka wa ƙauyen wasu makiyayan tumaki domin su kama bayi su sayar, a sami kuɗin jiragen ruwan da za su kai Daenerys karɓo gadon sarautar ubanta. Wato saboda burinta aka kai harin. Tana ratsa ƙauyen ta ga ana yi wa mata fyaɗe, ta tsawatar, ta ɗauki wasu ta sa su ƙarƙashin kariyarta, ciki har da wannan mata mai magani. Daga baya Drogo ya zama gawa mai numfashi, ɗan da ke cikin Daenerys ya zo babu rai, kuma da hannun matar a ciki. Da Daenerys ta tuhume ta da butulci, tana cewa ai ni na cece ki, amsar da matar ta bayar tana cikin mafi nauyin maganganun da aka yi a fim ɗin baki ɗaya. Ta ce kafin ki iso mutum uku sun riga sun keta mini haddi. Ta ce ta ga ɗakin ibadarsu yana ci da wuta, ta ga kawunan mutane a tare a kan titi, ciki har da na mai gasa mata burodi da na wani yaron da ta warkar daga zazzaɓi watanni uku da suka wuce. Sai ta tambaya: to me kika ceta? Hukuncin da aka yi wa wannan baiwa shi ne a ɗaure ta a jikin itacen da za a ƙona gawar Drogo, a cinna mata wuta da ranta. Da gari ya waye Daenerys ta fito daga toka da 'ya'yan dodanni uku, kiɗa ya tashi, mutane suka durƙusa. A cikinku wa ya sake tuna matar? Wanda ma ya tuna, cewa ya yi mayya ce, ta ga abin da ta nema.

A birnin Meereen masu bayi sun gicciye yara 163 a bakin hanya domin su tsorata ta. Mugun aiki ne da babu mai kare shi. Da ta ci birnin sai ta sa aka gicciye mutum 163 daga cikin manyan gari, ba tare da an tambayi wa ya ba da umarni, wa ya hana ba. Tsohon jarumin da ke ba ta shawara, Barristan Selmy, ya roƙe ta ta yi sassauci, ta ƙi. Ba a jima ba wani saurayi, Hizdahr zo Loraq, ya zo fada ya durƙusa yana roƙon a ba shi gawar mahaifinsa ya binne, ya kuma shaida mata cewa mahaifin nasa yana cikin waɗanda suka yi adawa da gicciye yaran, aka fi ƙarfinsa. Fim ɗin da kansa ya ajiye muku wannan shaida a gabanku. A zango na biyar, bayan an kashe Barristan, ta tara shugabannin manyan gidajen birnin a kurkukun dodanni, ta faɗa da bakinta cewa ba ta san mai laifi da marar laifi a cikinsu ba, sannan aka tura ɗaya gaba dodanni suka ƙona shi suka yayyaga. A zango na bakwai, bayan ta ci yaƙi, ta ce wa fursunoni ko su durƙusa ko su mutu. Randyll Tarly da ɗansa Dickon suka ƙi, mai ba ta shawara Tyrion ya roƙa a tsare su a kurkuku, ta ƙona su a gaban sauran. Me kuka ce a lokacin? "Ai ta ba su zaɓi." Ɗan fashi ma yana ba da zaɓi.

Kada ku ce na manta alherinta. Ta 'yanta bayi, kuma bautar da ke waɗannan birane abin ƙyama ce. Ranar da wani makiyayi ya shimfiɗa ƙonannun ƙasusuwan 'yarsa mai shekara uku a gabanta, ta kulle dodanninta biyu da sarƙa tana kuka. Irin wannan ne ya sa ta zama tauraruwa mai daɗin kallo, mai alheri da sharri a zuciya ɗaya. Amma ku kun ɗauki alherin kun mayar da shi takardar izini, duk abin da ta yi bayan nan ya halatta.

To me ya sauya a King's Landing? Yawan gawa ya ƙaru, babu shakka, kuma wannan karon mutanen sun riga sun miƙa wuya. Sai dai akwai wani abu da ya fi wannan tasiri a zukatanku. Kyamara ce ta sauko ƙasa. A da tana sama, a bayan dodo, kusa da fuskar sarauniya, wuta na fita kiɗan nasara na tashi. A wannan kashi sai aka sa ta bi Arya, 'yar gidan Stark, cikin ƙura da hayaƙi, muka ga wata uwa da 'yarta suna gudu, daga baya muka ga gawarsu ta zama gawayi. Yawancin waɗanda aka ƙona a baya mutanen wata nahiya ce, suna wani yare da sai an rubuta mana fassara, suna sa tufafin da ba mu saba gani ba, yawancinsu ko suna ba a ba su ba. An ɗauki wasu daga cikin waɗannan wurare a ƙasar Maroko, kuma tun a 2013 masu sharhi suka soki yadda aka rufe zango na uku da farar mace a saman hannayen dubban bayi masu duhun fata suna kiranta uwa. Kisan bai dame ku ba sai da ya iso birnin da kuka san titunansa.

Yanzu na juyo gare ku, ku masu murna kuna cewa dama mun faɗa, mahaukaciya ce 'yar mahaukaci. Laifi tudu ne. Jon Snow ya rataye Olly, yaro ƙarami wanda aka kashe iyayensa a gabansa, kuka ce adalci ne, wasunku har da shewa. Arya ta yanka 'ya'yan Walder Frey biyu ta dafa namansu ta ciyar da ubansu, sannan ta shayar da mazan gidan guba a zama ɗaya, kuka ce jaruma. Sansa ta saki karnuka suka cinye Ramsay da ransa, ta juya tana murmushi, kuka ce ta girma. Ramsay mugu ne na ƙarshe, na sani. Amma idan ciyar da dabba naman mutum alamar hauka ce a Meereen, me ya mayar da shi alamar hankali a Winterfell? Tyrion ya ƙona jiragen ruwa cike da mutane a yaƙin Blackwater domin ya kare sarautar Joffrey, yaron da shi kansa ya san azzalumi ne, daga baya ya shaƙe farkarsa Shae da hannunsa, amma har aka gama fim ɗin shi ne muryar hankali. Matan da suka yi ƙorafin cewa idan namiji ya kashe sai a ce hukunci, idan mace ta kashe sai a ce taɓin hankali, suna da hujja. Sai dai hujjar tasu tana nuna a ƙara tuhumar mazan ne. Ba ta wanke matar ba.

Har gidan Stark da kuke ɗauka na salihai. A ƙarshen zango na biyu Brienne ta tarar da gawar mata uku a rataye a bishiya, an rataya musu allo cewa sun kwana da sojojin Lannister. Waɗanda suka yi wannan aiki sojojin Robb Stark ne, suna dariya suna ba da labari. Yaƙin da Robb ya tayar domin ɗaukar fansar ubansa ya cinye ƙauyukan mutanen da ba su san Ned Stark ba ko a mafarki. Ban taɓa ganin an yi dogon musu a kan waɗannan mata uku ba.

Magoya bayan Stannis Baratheon su ne suka fi ba ni mamaki. Sun kira shi mai gaskiya, mai bin doka, wanda gadon sarauta haƙƙinsa ne. Mutumin ya kashe ƙaninsa Renly da sihiri. Ya ƙona mutane a bakin teku saboda sun ƙi barin addininsu, ciki har da ɗan uwan matarsa. Ya yi niyyar ƙona Gendry, ɗan wansa. Duk wannan bai rage masa masoya ba. Sai a 2015, da ya ɗaure 'yarsa Shireen aka cinna mata wuta, sannan aka ce an ɓata shi. Wutar ita ce dai ta jiya, hujjar ma ita ce ta jiya. Shireen dai mun san ta, mun ga tana koya wa Davos, na hannun daman ubanta, karatu, shi ke nan bambancin. Su kuma masu sha'awar Tywin Lannister, masu cewa ga dattijon da ya iya mulki, mutumin da ya shirya a yanka baƙi a wurin walimar aure suke yabo, wanda ya saki Gregor Clegane ya ƙona gonakin talakawa.

Na zaci bayan 2019 an ɗauki darasi. Sai House of the Dragon ya fito a Agusta 2022, abin ya ƙara muni. A kashi na tara na zangon farko an kora talakawan birni kamar tumaki zuwa cikin babban ginin dodanni domin su shaida naɗin Aegon sarki. Ana cikin bikin sai gimbiya Rhaenys ta fasa daɓen ginin daga ƙasa a kan dodonta. Duwatsu suka danne mutane, dodon ya tattake wasu, jelarsa ta share wasu. Ta tsaya gaban 'yan gidan sarauta, dodon ya yi ruri, ta fasa ƙona su, ta tashi ta tafi. Washegari musun da ya cika intanet shi ne, me ya sa ta ƙyale su? Wasu suna yaba mata tausayi, wasu suna zaginta da sakaci. Mutanen da ta bari a ƙarƙashin duwatsu ba su shiga lissafin kowane ɓangare ba. Da aka tambayi ɗaya daga cikin marubutan, Sara Hess, a wata hira, sai ta amsa cikin raha cewa a wannan duniyar farar hula ba sa cikin ƙidaya. Raha ce, amma ta faɗi ainihin yadda ake rubutun da yadda ake kallon.

Kafin zango na biyu a 2024 HBO ta fitar da tallace-tallace biyu, ɗaya na ɓangaren Baƙaƙe, wato magoya bayan Rhaenyra, ɗaya na ɓangaren Koraye, magoya bayan ƙaninta Aegon da suke rikicin sarauta da shi, ta ce kowa ya zaɓi gidansa. Dabarar kasuwa ce, kuma ta ci. Kuka rabu biyu kamar magoya bayan ƙwallo, kowa yana riƙe da kundin laifin abokin hamayya yana ɓoye nasa. Idan aka ce Daemon, mijin Rhaenyra, ya kashe matarsa ta fari da dutse, ya shaƙe Rhaenyra a wuya, ya aika 'yan ina-da-kisa da suka yanke kan ƙaramin yaro a gadonsa, sai Baƙaƙe su ce to Aegon fa? Idan aka ce Aegon ya yi wa baiwar gidansa fyaɗe, ya rataye dukan masu kama ɓerayen fada saboda laifin mutum ɗaya, ƙaninsa Aemond ya ƙona gari guda don huce haushi, sai Koraye su ce to Daemon fa? Ita kanta Rhaenyra, wadda ake nunawa a matsayin mai taka-tsantsan, da saninta aka kashe wani bawan Allah aka ƙona gawarsa domin a ce mijinta na fari Laenor ne ya mutu. Ta toshe hanyar ruwa har yunwa ta kama birni, sannan ta aika kwale-kwalen abinci da tutarta domin a yaba mata. Ta tara shegun 'ya'yan gidansu talakawa ta tura su gaban dodo, aka tare ƙofa, yawancinsu suka ƙone, domin ta sami mahayi. Wanda aka kashe a madadin Laenor ko suna ba shi da shi. So hana ganin laifi, in ji masu iya magana, amma wannan ya wuce so, ya zama fadanci, kuma fadancin da ba a biyan ko sisi.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da nazarin wannan. Dolf Zillmann ya nuna tun shekarun 1970 cewa jin daɗin labari yana rataye ne a kan wa muke so da wa muke ƙi: muna murna idan namu ya yi nasara, muna murna idan abokin gabarsa ya wahala. Waɗanda suka biyo bayansa, irin su Arthur Raney, suka ƙara da cewa sau da yawa son ne ke riga hukunci. Mukan zaɓi gwani tun farko, daga nan sai mu riƙa lanƙwasa hukuncinmu domin kada daɗin kallo ya lalace. Albert Bandura kuma ya lissafa hanyoyi takwas da mutum ke bi ya kashe muryar zuciyarsa idan yana son aikata mugun abu ko goyon bayansa. Daga ciki akwai fakewa da kyakkyawar manufa, da sauya wa aikin suna, da kwatanta shi da wanda ya fi shi muni, da ɗora laifi a kan wanda aka zalunta, da cire masa rigar mutuntaka. Ku koma ku karanta musunku na intanet, za ku tarar da su duka. "Don ta 'yanta duniya ne." "Ba kisa ba ne, hukunci ne." "Ai sarauniya Cersei ta fi ta." "Da sun durƙusa da ba a ƙona su ba." Bandura bai gina wannan bayani don masu kallon fim ba. Ya yi shi ne don ya fahimci yadda mutanen kirki ke goyon bayan yaƙi da azabtarwa da kisan gilla su kuma yi barcinsu lafiya.

Na san amsar da ke bakinku: malam, fim ne fa, babu wanda ya mutu. Gaskiya ne, kuma ban ce wanda ya so Daemon zai tashi ya kashe matarsa ba. Son kallon mugu ba laifi ba ne. Labarin da babu mugu a cikinsa lami ne, kuma ɗan wasan da ya iya fitowa a azzalumi har ka ji kana jiran fitowarsa ya cancanci yabo. Da za ku ce "mugu ne, amma ina jin daɗin kallonsa," da ban rubuta wannan wasiƙa ba. Abin da kuke yi daban ne. Kuna zama ku gina hujja, ku kawo dalili, ku yi fushi, ku zagi wanda ya ce gwaninku ya yi zalunci. Mutanen ƙarya ne, amma hujjojin na gaske ne, kuma harshen da ya saba da su ba ya ajiye su idan an kashe talabijin.

Sai hujjar "zamanin haka yake." Wane zamani? Westeros, ƙasar da labarin ya gudana a cikinta, ba ta taɓa wanzuwa ba, mutanen wannan zamani ne suka ƙirƙire ta domin mutanen wannan zamani. Kuma a cikin labarin kansa akwai masu cewa a'a. Da Stannis ya tambayi Davos ko mene ne ran shege ɗaya idan aka auna shi da masarauta, Davos ya ce masa shi ne komai, ya kuma saci yaron, wato Gendry, ya sa shi a kwale-kwale, yana sane cewa zai iya rasa kansa. Idan ɗan fasa-ƙwaurin da bai daɗe da fara koyon karatu ba ya gane haka a cikin wannan duniyar, mai kallo ba shi da uzuri.

Idan kuma tarihin gaske kuke nufi, shi ma bai goyi bayanku ba. George R. R. Martin ya ɗebo da yawa daga tarihin Ingila: yaƙin gidajen York da Lancaster da ya fara a 1455, da rikicin gadon sarauta tsakanin Matilda da Stephen bayan mutuwar Sarki Henry na Ɗaya a 1135, wanda shi ne tushen labarin Rhaenyra. Malaman cocin da suka rubuta tarihin wancan rikici ba su tsaya yabon wani ɓangare ba. Sun rubuta yadda masu ƙarfi suka cika ƙasa da ganuwoyi, suna kama manoma suna azabtar da su domin su fito da dukiya, har mutane suna cewa Almasihu da waliyyansa sun yi barci. Kafin nan, a hunturun 1069 zuwa 1070, William wanda ya ci Ingila da yaƙi ya murƙushe tawayen arewacin ƙasar ta hanyar ƙona amfanin gona da dabbobi da kayan noma, yunwa ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa. Orderic Vitalis, wani malamin coci da ya rubuta tarihi a ƙarni na 12, ya yabi William a wurare da dama a littafinsa. Da ya iso kan wannan sai ya ce ba zai iya yabonsa ba, kuma irin wannan kisa ba zai tafi ba tare da hukuncin Ubangiji ba. Mutumin da ya rayu kusa da zamanin, a ƙarƙashin mulkin 'ya'yan sarkin, bai ce zamanin haka yake ba. Ku da kuke kwance da waya a hannu bayan shekara 900 ku ne kuke faɗa.

Labarin mai ceto da ya rikiɗe ya zama abin tsoro ma ba dodanni suka fara shi ba. Juyin juya halin Faransa ya zo da kiran 'yanci da daidaito, amma tsakanin 1793 da 1794 an yanke wa kimanin mutum 17,000 hukuncin kisa da sunan kare wannan 'yancin. Napoleon ya fito a matsayin ɗan juyin, a 1802 ya maido da bautar da aka soke a yankunan da Faransa ke mulka, a 1804 ya naɗa kansa sarki, kuma har gobe yana da masu cewa a duba dokokin da ya tsara. A 2019, shekarar da kuke kukan an ɓata Daenerys, cibiyar Levada ta yi ƙuri'ar jin ra'ayi a Rasha, kashi 70 cikin ɗari suka ce rawar da Stalin ya taka a tarihin ƙasar mai kyau ce. Ku saurari yadda ake kare irin waɗannan mutane: ya ci yaƙi, ya gina ƙasa, maƙiya sun kewaye shi, waɗanda ya kashe ba su da yawa kamar yadda ake faɗa, kuma dama maciya amana ne. Jimlolinku ne, sunaye kawai aka sauya.

Abin da nake roƙonku ba shi da wuya. Duk lokacin da gwaninku ya yi wani aiki kuka ji hujja tana taso muku, ku cire sunansa ku sa na wanda kuka fi tsana. Ku ce Cersei ce ta gicciye mutum 163 ba tare da shari'a ba. Ku ce Joffrey ne ya rataye yaro, Ramsay ne ya dafa 'ya'yan mutum ya ba shi ya ci. Idan hujjar ta tsaya da ƙafarta bayan an sauya sunan, ku riƙe ta, ni ma zan saurare ku. Idan ta faɗi, to dama son rai ne. Sannan ku riƙa tambayar wa ke ƙarƙashin dodon a lokacin da kyamara take sama.

Masu rubuta waɗannan finafinai su ma suna da nasu kason, domin su ne ke zaɓar inda za a sa kiɗan nasara da wanda za a ba suna. Amma suna rubuta abin da suka ga kuna saye ne. A kashin ƙarshe na Game of Thrones, wanda mutum miliyan 19.3 suka kalla a Amurka a daren 19 ga Mayu 2019, manyan gidaje sun zauna a kangon birnin da aka ƙone domin su zaɓi sabon sarki. Samwell Tarly ya miƙe ya ce tunda sarkin zai mulki kowa, me zai hana a bar kowa ya zaɓa? Suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce to a ba karnuka ma ƙuri'a, wani ya ce zai tambayi dokinsa. Suka naɗa Bran a tsakaninsu, aka ba Bronn, sojan haya wanda bai taɓa ɓoye cewa kuɗi yake bi ba, riƙon baitulmali, majalisar sarki ta zauna tana musun ko a fara gina jiragen ruwa ko gidajen karuwai. Ku kuma kuka shafe makonni kuna faɗa a kan ko Jon ne ya fi cancanta, ko Sansa, ko a bar wa Daenerys kujerarta.

Wassalam,
Ɗan uwanku mai kallo.